Wayar da Ta Ci Jarabawa a Aji, Ta Faɗi a Gona

A makon jiya mun tsaya kan yadda ake koya wa kwamfuta gane hoto, da niyyar mu wuce wani darasin, sai ga wasiƙa daga wata ɗaliba ’yar aji biyar a Wamakko ta dawo da mu baya.

Ta ce mahaifinta yana noman albasa a fadama, wajen Kwalkwalawa. Bana ganyen ya soma tabo-tabo, yana bushewa daga sama. Ta ji ana labarin manhajojin da ake haska wa ganye kyamara su faɗi cutar da ke damunsa, sai ta ari wayar yayanta, ta sauke wata, ta bi mahaifin nata gona ranar Asabar. Babu sabis mai ƙarfi a wurin, amma manhajar ta yi aiki. Matsalar ita ce abin da ta faɗa: wai cutar masara ce. Mahaifin ya yi dariya ya ce, “Ɗiyata, mi wagga waya tas sani ga albasa? Ta taɓa ban ruwa da sanyin asuba?”

Tambayoyinta biyu ne. Ta yaya ilimin gane ganye ya shiga cikin waya har take aiki babu data? Kuma in har ta samu ilimin, me ya sa ta ba ta kunya a gaban babanta? Mun ji daɗin tambayoyin nan ƙwarai, domin sun faɗa daidai kan aikin da ba a cika yin maganarsa ba. Kowa yana son jin yadda ake horar da na’ura. Kaɗan ne ke tambayar yadda ake fito da ita daga ɗakin bincike ta shiga aljihun manomi, alhali a nan ne ayyuka da yawa suke tuntuɓe.

Bari mu yi ɗan bitar baya. Abin da masana ke kira koyo mai zurfi, wani tsarin lissafi ne mai hawa-hawa. Hoto yana shiga hawan farko a matsayin lambobi. Hawan farko suna lura da ƙananan abubuwa kamar layi da launi, na gaba su haɗa waɗannan su gano tabo ko rami ko lanƙwasar ganye, na ƙarshe kuma ya yanke hukunci. Tsakanin hawa da hawa akwai miliyoyin lambobi da za mu kira ma’aunai. Horarwa ba komai ba ce illa a yi ta nuna wa tsarin hotunan da aka riga aka san sunansu, duk lokacin da ya yi kuskure a ɗan gyara ma’aunan, har kuskuren ya ragu. A shekarar 2012 wasu masu bincike uku a Jami’ar Toronto ta ƙasar Kanada, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton, sun horar da irin wannan tsari da hotuna kusan miliyan 1.2. Yana da ma’aunai miliyan 60, kuma sai da kwamfutarsu ta kwana biyar zuwa shida tana aiki ba tsayawa. Shi Hinton ɗin nan yana cikin mutum biyun da aka ba kyautar Nobel ta fannin fiziks a 2024.

To, idan an gama horon, me ya rage a hannu? Fayil guda ɗaya cike da lambobi. Shi ke nan. Shi za mu riƙa kira horarriyar ƙwaƙwalwa. Horarwar ce ke cin lokaci da wuta. Amfani da ita kuwa abu ne na ƙiftawar ido. Kamar bakanike ne: ya yi shekaru yana koyon aiki a gareji, amma yau da ka tayar da babur a gabansa zai ce maka fulogi ne. Saboda haka ba a buƙatar waya ta yi horon. Abin da ake so kawai ta iya ɗaukar fayil ɗin, ta kuma iya lissafin da ke cikinsa.

Hanya biyu ake bi. Ta farko, a bar ƙwaƙwalwar a manyan kwamfutocin kamfani can wata ƙasa, waya ta tura hoto ta intanet, amsa ta dawo. Wannan ita ce mai sauƙi ga masu ƙira, kuma ƙwaƙwalwar za ta iya zama babba yadda ake so. Amma ku tuna inda muke. Wanda ya tsaya a tsakiyar fadama ya san yadda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kuma kowane hoto da aka tura data ce aka ci. Ga shi hotonka ya bar hannunka, ba ka san inda zai kwana ba. Hanya ta biyu, a sa ƙwaƙwalwar a cikin wayar kanta. A sauke sau ɗaya, a yi ta amfani ko a ina. Wannan ce ta dace da mu, kuma ita ce amsar tambayar farko ta ɗalibarmu. Irin ta ce ke aiki idan kuka sauke harshen Hausa a Google Translate don fassara babu intanet, abin da ya yiwu tun farkon 2023.

Sai dai waya ba kwamfutar jami’a ba ce. Ma’adanarta ƙarama ce, batirinta na ƙarewa, kuma a watan Afrilu a Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40, waya tana rage gudun aikinta da kanta don kada ta ƙone. Dole a rage wa ƙwaƙwalwar nauyi. Ku ɗauko biro mu yi lissafi.

Akwai wata shahararriyar ƙwaƙwalwar gane hoto da aka ƙera a Jami’ar Oxford ta Ingila a 2014, mai suna VGG16. Tana da ma’aunai kusan miliyan 138. Kowane ma’auni ana ajiye shi a bit 32, wato bait 4. Ku ninka miliyan 138 sau 4, za ku samu bait miliyan 552, sama da megabait 500 ke nan. Wa zai sadaukar da rabin gigabait na datarsa don manhaja ɗaya? Ko ya sauke, wayar ƙaramin kuɗi za ta yi ta nishi kafin ta ba da amsa. Shi ya sa a 2017 injiniyoyin Google suka fito da wani tsari mai suna MobileNet, wanda tun daga tushe don waya aka gina shi. Ma’aunansa miliyan 4.2 ne kacal, kuma a gwajin gane hotuna bai yi nisa da VGG16 ba. Ku sake ninkawa sau 4: megabait 17 bai cika ba.

Har yanzu ana iya ragewa, kuma dabarar kun santa tun ajin lissafi na ƙaramar sakandare. Idan malami ya ce ku taƙaita 0.73918264 zuwa gurbi biyu bayan ɗigo, kuna rubuta 0.74. Kun yi asarar wani abu, amma ba abin da zai ɓata amsa ba. Haka ake yi wa ma’aunan. Maimakon bit 32, sai a matse kowanne zuwa bit 8, wanda ke ba da matakai 256 kawai. Nan take fayil ɗin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu na girmansa, megabait 17 ya dawo 4 da ’yan kai, bai kai wani ɗan gajeren bidiyon da kuke tura wa juna a WhatsApp ba. Lissafin ma ya fi sauri, domin waya ta fi jin daɗin ƙananan lambobi. Mu dai kilishi yake tuna mana: an fitar da ruwan da ke ƙara nauyi, naman yana nan, kuma yanzu zai iya tafiya mai nisa a cikin jaka. Akwai wasu dabarun, kamar sare ma’aunan da ba sa tsinana komai, ko a sa babbar ƙwaƙwalwa ta koyar da ƙarama yadda ubangida ke koyar da yaron shago. Za mu bar su zuwa wani lokaci. Abin da ya wajaba ku riƙe shi ne, duk ragin da aka yi sai an sake gwada ƙwaƙwalwar, don wani lokacin ana yanke nama tare da kitse.

Daga nan sai a juya fayil ɗin zuwa sigar da waya ke fahimta. Kayan aikin da aka fi sani a wannan fage shi ne TensorFlow Lite, wanda Google ya fitar a 2017, ya kuma sauya masa suna zuwa LiteRT a 2024. Sai a gina manhajar da za ta lulluɓe shi: ta buɗe kyamara, ta ɗauki hoto, ta rage shi zuwa girman da ƙwaƙwalwar ta saba da shi, galibi ɗigo 224 a tsaye da 224 a kwance, ta miƙa mata, ta karɓi amsa. Amsar ma lambobi ce. Manhajar ce ke duba jerin sunaye ta ga cewa lamba ta uku, alal misali, tana nufin tsatsar ganye. Idan mai ƙira ya yi gaggawa ya jera sunayen ba bisa tsarin da aka yi horo da shi ba, ƙwaƙwalwar za ta gane daidai, waya kuma ta rubuta ƙarya. Irin wannan ƙaramin kuskure ya hana masu ƙira da yawa barci.

Yanzu sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi.

A 2016 wasu masu bincike uku, Sharada Mohanty da David Hughes da Marcel Salathé, sun horar da ƙwaƙwalwa da hotunan ganye 54,306, na amfanin gona iri 14 da cututtuka 26. Da suka gwada ta da hotunan da suka ware daga cikin tarin nan, ta ci kashi 99.35 cikin 100. Sakamakon da ko zakaran WAEC zai yi sha’awa. Amma da suka kawo mata hotuna daga wasu wurare daban, sai ta faɗo zuwa kashi 31.4. Abin yabo shi ne ba su ɓoye ba, su da kansu suka buga wannan a rahotonsu. Me ya faru? Hotunan horon duk an ɗauke su ne a tsanake, ganye ɗaya an tsinko an shimfiɗa a wuri mai launi ɗaya. A gona kuwa akwai inuwa, akwai ƙasa, akwai ciyawa, ganye na kan ganye, iska na kaɗawa. Kun san ɗalibin da ya haddace tambayoyin shekarun baya da amsoshinsu, ranar jarabawa aka ɗan juya tambayar ya rasa ta cewa? To shi ne wannan.

Mu ma ta taɓa cin mu. Wata rana da muke gwaji da wasu ɗalibai ’yan ƙungiyar kwamfuta, mun ɗauki hotunan lafiyayyun ganyen tumatir a kan teburin aji, marasa lafiyan kuma muka ɗauko su a lambu. Ƙwaƙwalwar ta ba mu sakamako mai kyau har muna tafi. Sai wani yaro mai tsokana ya haska wa ƙasa tsura kyamarar, babu ko ganye ɗaya, waya ta ce “mara lafiya”. Ashe ba cuta ta koya ba, bambancin tebur da ƙasa ta koya. Laifinmu ne, ba na na’ura ba.

Shi David Hughes, malami a Jami’ar Penn State ta Amurka, bai tsaya nan ba. Ƙungiyarsa ta PlantVillage ta haɗa kai da cibiyar binciken noma ta IITA, wadda hedikwatarta ke Ibadan, suka shiga gonakin rogo a Tanzaniya suna ɗaukar hoto a inda rogon yake tsaye, masana cutar tsirrai suna sa wa kowane hoto suna. Daga nan aka samu manhajar Nuru, wadda ke aiki a wayar Android babu intanet. Sunan daga harshen Suwahili ne, ma’anarsa haske, kuma ba baƙo ba ne a kunnenmu tunda muna da Nura da Nuru a kusan kowane aji. Wani bincike da aka buga a 2020, wanda Latifa Mrisho ta IITA ta jagoranta a Gabashin Afirka, ya nuna Nuru tana gane alamun cutar rogo daidai da kashi 65 cikin 100, malaman gonan da aka gwada suna tsakanin 40 da 58, manoma kuma tsakanin 18 da 31. Da aka riƙa nuna mata ganye shida a kowace shuka maimakon ɗaya, sai ta haura zuwa tsakanin 74 da 88.

Ku dubi lambobin nan da kyau. Kashi 65 bai kai 99 daɗin ji ba, amma mu shi muka fi yarda da shi, domin da ganyen gona aka samo shi. Kuma yana gaya mana cewa a cikin ganye uku, manhajar tana iya kuskure ɗaya. Ku lura kuma da abin da ya ɗaga sakamakon. Ba sabuwar kwamfuta aka sayo ba, yadda ake amfani da wayar aka gyara. Wannan ma yana cikin aikin ɗora ƙwaƙwalwa a waya: a gaya wa mai amfani ganye nawa zai haska, daga wane nisa, rana tana ta ina.

Sai mu koma kan albasar Kwalkwalawa. Ƙwaƙwalwar gane hoto ba ta san komai ba sai jerin sunayen da aka horar da ita a kai. Idan rogo da masara kawai ta sani, ka nuna mata albasa, ba za ta ce “ban sani ba”. Za ta duba cikin abin da ta sani ta zaɓi wanda ya fi kama, dogon ganye siriri ya tuna mata masara, ta faɗa da cikakken ƙarfin hali. Sai mai ƙira ya koya mata kunya da gangan: ya ƙara rukunin “wani abu daban”, ko ya sa manhajar ta yi shiru idan tabbacinta bai kai wani mizani ba. A ganinmu duk manhajar noma da ba ta iya cewa ba ta sani ba, ba ta gama zama manhaja ba. Dalili kuwa, kuskurenta ba a takarda yake tsayawa ba. Manomi zai ciro kuɗin da ya tara ya sayi maganin feshin da ba shi ne ba, cutar ta ci gaba da cin gonar, ga gubar da ya shaƙa a banza. Dariyar da baban ɗalibarmu ya yi, dariyar mai gaskiya ce.

Kuma ko ƙwaƙwalwar da ta dace tana tsufa. A farkon 2016 aka fara ganin wata baƙuwar tsutsar masara a kudu maso yammacin Najeriya, ’yar asalin nahiyar Amurka, kafin ta bazu a Afirka. A shekarar nan ce kuma ƙwaron da manoma ke kira sharon ya yi wa tumatir ɓarna a Kano da Kaduna har farashi ya tashi sama. Ƙwaƙwalwar da aka horar da hotunan gonakinmu kafin lokacin ba za ta san ko ɗaya ba. A 2018 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta haɗa kai da Penn State aka koya wa Nuru gane ɓarnar tsutsar masarar. Kun ga ke nan sai an riƙa sabunta fayil ɗin da ke cikin waya, kuma a nan ƙanƙantarsa ke ƙara amfani: sabunta megabait 4 ba ya tayar wa kowa hankali.

Me ya rage a samu manhajar da ta san albasar Sakkwato? Kayan aikin kyauta ne, lissafin kuma a buɗe yake ga kowa. Abin da ba za a sauke daga intanet ba shi ne hotunan gonakinmu, da hasken ranarmu, da hazon hunturu, da ƙurar da ke kwanciya a kan ganye, waɗanda aka ɗauka da irin wayoyin da ke hannun mutanenmu. Wannan kuwa ku kuka fi kowa kusa da shi. Mazaunin dindindin na Jami’ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, a ƙaramar hukumar Wamakko yake, tana da tsangayar aikin gona da masu karantar da ilimin kwamfuta. Gonakin ga su nan a bakin hanyar da ake bi a je ta. Ilimin biyu suna kallon juna, saura mai haɗa su.

Ƙungiyar kwamfuta ta makaranta za ta iya fara gwaji ba tare da rubuta shiri mai wuya ba. Akwai Teachable Machine na Google, wanda ake buɗewa a kwamfuta mai intanet, a zuba hotuna rukuni-rukuni, ya yi horon, ya fitar da fayil ɗin TensorFlow Lite. Akwai kuma MIT App Inventor, inda ake gina manhajar Android ta hanyar jera tubala a fuskar kwamfuta. Mu dai shawararmu kada ku fara da cuta, domin sa wa cuta suna aikin malamin gona ne, kuma idan sunan da aka sa wa hoto kuskure ne, kuskuren na’ura za ta haddace. Ku fara da abin da ba ku shakka: ganyen zogale, na dogon yaro, na mangwaro, da rukuni na huɗu na tarkace, wato ƙasa da takalmi da hannun mutum. Ku ɗauki hoton kowane rukuni a wurare iri ɗaya, da safe da rana da yamma, don kada ku maimaita kuskurenmu na tebur. Ku nemi izinin mai gona kafin ku shiga, kada kuma fuskar kowa ta fito a hoto. Sannan ku ware wasu bishiyoyi da ba za ku taɓa ɗaukar hotonsu ba sai ranar gwaji, kuma ku yi gwajin da wayar da ta fi kowace tsufa a cikinku. Ku rubuta sau nawa ta ci, sau nawa ta faɗi, ku aiko mana har da faɗuwar.

Ke kuma ɗalibarmu, ki gaishe da Baba, ki ce mun ba shi gaskiya a wannan karon. Ku tsinki ganyen da ya kamu, da wanda ya fara kamuwa, ku kai wa malamin gona ya gani da idonsa kafin a sayi kowane magani. Idan ya faɗi sunan cutar, ki koma ki ɗauki hotunan ganyen a inda suke, ki rubuta rana da wuri da sunan da ya faɗa, ki adana.

Ga aikin gida. Mun ce hoton da ake miƙa wa ƙwaƙwalwar yana da ɗigo 224 a tsaye da 224 a kwance. Kowane ɗigo ana rubuta shi da lambobi uku, na ja da na kore da na shuɗi. Lambobi nawa ke nan waya ke miƙawa a hoto ɗaya? Kada a taɓa kalkuleta. Za mu kawo amsar da sunayen makarantun da suka fara aikowa a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.